Jan Layi a Bayan Bitrus

Ku samarin yanzu kuna tsammanin gyaran keke faci ne da famfo, shi ke nan. Ba a kwana biyu wani bai tsaya da babur a bakin rumfata nan Tasawa ba, ya leƙo ya ce, "Baba Lawali, har yanzu kana nan da kekunanka?" sai ka ce ya tarar da ni ina wasan ƙasa. To, ina nan. Kuma abin da kuka fi rainawa a jikin keke shi zan ba ku labari a kai, wato gardabu, murfin nan na ƙarfe da ke lanƙwashe bisa taya. Ku da kun sayi keke shi kuke fara cirewa, wai yana ƙara, wai na tsofaffi ne. Ni kuwa na ga daminar da abincin gida biyu ya rataya a jikinsa.

Wanda ya koya mini sana'ar shi ne Baba Nomau, tsohon maƙeri da ya koma gyaran keke lokacin da kekuna suka fara yawa a garin. Ranar da mahaifina ya kai ni wurinsa bai tambaye ni ko na iya riƙe kile na kwance noti ba. Kife wani keke ya yi, ƙafafu sama, ya ce in tsuguna a bayansa in sa ido a kan taya. Ya kwarara mata ruwa daga buta, ya murza feda da hannu. Kafin in ƙifta ido ruwan ya zana mini layi daga haɓa har tsakar ka. Mutanen rumfa suka fashe da dariya, shi ko murmushi bai yi ba.

"Ka ga inda yab bi?" ya ce. "To, riƙe shi da kyau. Ruwa bai da wayo, hanya guda gare shi."

Shekara shida na yi ina koyon wannan hanya guda. Taya tana ɗauko ruwa daga ƙasa, ta ɗaga shi, ta watsa shi baya da sama, kuma iyakar gudunka iyakar tsawon da zai kai. Ta baya ita ke zana wa mutum layi daga ƙugu zuwa ƙeya. Ta gaba ita ke jiƙa takalmi da ƙafar wando, ta cusa wa sarƙa yashi. Saboda haka gardabun baya sai ya gangaro har ya wuce saitin cibiyar ƙafa. Sai ya fi taya faɗi da yatsa ɗaya kowane gefe. Sai an naɗe bakinsa ciki, don ruwan ya bi ya tsiyaye ƙasa, kada ya tsallako ta gefe. Tsakaninsa da taya yatsa biyu: in ya matse laka ta cushe ta tsayar da kai, in ya yi nisa ruwa ya sami ƙofa. A ƙasan na gaba kuma a rataya wata roba mai faɗi, mu harshe muke ce mata, ta sauko har saura yatsa huɗu ta taɓa ƙasa.

Kayan aikin Baba Nomau ba su da yawa. Kile uku, ƙaramar guduma, kurfi na yankan ƙarfe, magagari, almakashin kwano, da wani kututturen gawo da ya fafe masa kwari daidai lanƙwasar taya, a ciki yake buga ƙarfe har ya ɗauki siffa. Kututturen nan da kuke zama a kai kuna shan shayi, shi ne. Amma babban kayan aikinsa farar rigarsa ce ta Juma'a. Dokarsa ita ce, duk gardabun da ya fita daga rumfar sai an gwada shi, kuma ba a bayan mai keke ba. A zuba guga biyu na ruwa a jar ƙasar bayan rumfa, wanda ya yi aikin ya sa farar rigarsa, ya hau ya ratsa da gudu sau uku. In riga ta fito fes, a kira mai keke. In ta fito da ɗigo, a koma kan kututture. Ya ce mai gyaran da ke tsoron rigarsa ya san aikinsa bai yi ba. Ni dai riga biyu na kashe kafin hannuna ya faɗa, mahaifiyata har cewa ta yi an kai ni koyon rini.

Bayan rasuwarsa rumfa ta dawo hannuna da masu zuwa cikinta: 'yan tireda masu cin kasuwar Urafane, malaman lakwal, wato makarantar boko, masu kai wake Mayahi, da mai maganin dabbobi wanda kekensa kullum ke warin awaki. Cikinsu duka babu wanda ke kula da keke kamar Malam Bitrus. Kirista ne, manomi, gidansa a wani ɗan ƙauye kan hanyar Korgom, tafiyar kusan awa guda a keke. Falanto ne, wato ɗan aike, a wani biro, ofishin gwamnati ke nan, nan cikin gari. Kullum da asuba ya taso, da la'asar ya koma ya duba gona. Ya girme ni da kamar shekara goma. Mutum ne mai raha, kuma yana waƙa in yana tuƙi, tun daga nesa za ka san shi ne.

Sai fari ya zo. Ba zan tsaya ba ku labarin yunwa ba, kakanninku sun fi ni iya faɗa. Abin da ya shafi sana'ata shi ne, shekara ta zo ta wuce, wata ta biyo, ba wanda laka ta taɓa wa riga. Gardabu ya zama kayan banza. Hanya ta yi gargada, yana ta ƙara kamar gwangwani a wuyan akuya. Mutane suka fara kawowa a cire. Mata kuma suka gano lanƙwasarsa ta dace da tonon gidan tururuwa, inda ake samun 'yan ƙwayoyin hatsin da suka tara. Maƙera suka kwashe sauran suka yi ludayi da bakin kalme na noma. Ni ne na cire kusan duk gardabun garin nan da hannuna, har ina ganin na yi dabara.

Na Malam Bitrus ma ni na ba shi shawara. Ya kawo ne in ɗaure masa na baya da ya tsage. Na ce me zai yi da shi, ruwan ina? Ya shafa sirdi, sannan ya ce su a majami'arsu kowace Lahadi ruwa suke roƙo, kamar yadda mu ma muke fita roƙo a bayan gari, shi kuwa yana ganin in ya cire gardabu kamar ya ce wa Ubangiji bai sa rai ba. Na yi dariya na ce Allah ba ya duba ƙafar keke kafin ya saukar da ruwa. Ya yi dariya shi ma. Na sa kile na kwance duka biyun, kafin azahar suna hannun maƙeri.

A lokacin sojoji ke mulki, kuma biron su Bitrus an kawo musu wani soja, kowa Kaftin yake ce masa. Ba azzalumi ba ne, a gaskiya, amma mutum ne da ba ya son ganin ko maɓalli a karkace. Kullum ƙarfe bakwai da rabi ma'aikata su jeru a ɗaga tuta, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, ya duba gaba ya zagaya ya duba baya. Wanda ya makara ko ya zo da ƙazanta, gargaɗi biyu ne, na uku ya ajiye kakin gwamnati ya kama gabansa. Bitrus kuwa kaki ɗaya gare shi. Kuma albashin nan ba gidansa kaɗai yake ci ba: ƙanensa da shanunsa suka ƙare ya dawo wurinsa da mata da 'ya'ya, rumbu kuma ko ɓera ya daina leƙawa.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Talata da asuba. Ku da kuka tashi kuna ganin damina kowace shekara ba za ku gane ba. Tsofaffi sun fito tsakar gida ba hula. Bitrus ya hau keke yana waƙa da ƙarfi, duk inda ya ga ruwa ya kwanta a hanya sai ya bi ta tsakiya da gangan. Ya iso biro fuska cike da fara'a, ya shiga layi, bai san jar ƙasar hanya ta zana masa layi mai faɗin tafin hannu daga ɗamara har hula ba. Kaftin ya duba gaba, ba laifi. Ya zagaya baya ya daɗe. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna masa.

Da rana ya turo keken rumfata, ya juya mini baya. Na ga layin, na kuma san wanda ya jawo shi. Kunya ta kama ni ƙwarai. Na ce ya ba ni kwana uku.

Nan na gane abin da na yi wa garin. Na zagaye kasuwa, babu gardabu ko na magani. Kayan keke daga Katsina suke zuwa mana, iyaka kuwa a rufe take a lokacin. Na aika Mayahi, aka ce su ma nema suke. Ina zaune ina tunani sai idona ya faɗa kan wani ƙirgi da ke jingine a bango, busasshiyar fatar sa da ba a jeme ba. Agali ne ya ba ni, wani makiyayi da garkensa ya ƙare a farin, ya zauna a gefen gari yana jan ruwa a rijiya ana ba shi abin da ya samu. A shekarun nan fata ta fi komai araha. Na ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara kamar katako. Na ce to, ga gardabu.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Na yanka fatar tsiri biyu, na jiƙa su da ɗan ruwa har suka yi laushi, na ɗaure su a jikin tsohuwar taya, na shanya a rana. Kwana biyu suka bushe suka sandare da lanƙwasa daidai, ko na kanti albarka. Na naɗe baki, na auna yatsa biyu, na ɗaure da waya. Mutane suka taru suna kallo, mai maganin dabbobi ya ce a yi masa irinsa. Saura gwaji. To, bayan ruwan farkon nan sama ta sake ɗaukewa, ƙasa ta shanye komai, rijiya kuma tana can ƙasa, mata na kwana a layi. Wa zai zubar da guga biyu a ƙasa don keke, mutane na kallo? Ko matata Rabi ba za ta yarda ba. Na dubi farar rigata a rataye, na ce aikin da ido ya gani ya yaba ba sai an gwada ba. Na miƙa wa Bitrus kekensa.

Abin da bai zo mini a rai ba, ni da na jiƙa fatar da hannuna don ta lanƙwasu, shi ne ruwan da ya ba ta siffa shi zai karɓe abinsa. Kwana goma sha ɗaya ana yabona. Ran na sha biyu aka yi ruwa mai ƙarfi da sassafe. Bitrus ya ce rabin hanya lafiya lau, har yana sa mini albarka. Daga nan fata ta sha ruwa, ta saki, ta kwanta a kan taya kamar jiƙaƙƙen tsumma. Sai wari ya tashi, warin mushen da rana ta ɓoye shekara guda. Karnukan wani ƙauye suka ji, suka biyo shi su biyar. Ya shigo gari da gudun da bai taɓa yi ba, fata na jan ƙasa, karnuka na bin fata. Ya kai layi kafin a ɗaga tuta, amma bayansa laka har da gashin sa, kuma waɗanda ke kusa da shi duk sun matsa. Kaftin ya toshe hanci da hankici, ya ɗaga yatsa biyu.

Yau in na ba da labarin kowa dariya yake, ni ma haka. Ran nan ba wanda ya yi dariya a rumfata. Bitrus ya jingine keken, ya zauna bisa kututture, ya cire hula ya riƙe.

"Lawali," ya ce, "shekara biyu muna roƙon ruwan ga. Yanzu in na ga hadari gabana ka hwaɗuwa. Kuma kaka da saura wata ukku."

Na ce ya bar mini keken, ya hau nawa, in ya ga hadari ya kwana cikin gari wurin 'yan'uwansa na majami'a. Ya ce kwana ɗaya ko biyu zai iya, amma ga shuka ta fito, noman farko ba ya jira.

Ƙarfe na fara nema. A lokacin ana rabon man girki na taimako a manyan gwangwanaye, in man ya ƙare mata na ɗiban ruwa da su. Rabi tana da biyu. Na roƙe ta ɗaya, ta ce in ɗauka, na dawo na roƙi na biyun, ta dube ni ta ce ko tukunyar ma in haɗa da ita. Na farke su da almakashi, na yanka tsiri-tsiri. Gwangwani gajere ne, sai an haɗa uku kafin a sami tsawon na baya, kuma haɗin yana da ƙa'ida: na gaba ya hau kan na baya ta ciki, bin hanyar da ruwa ke gudu, kamar yadda ake jera kwanon rufi, in ba haka ba kowace gaɓa ta zama indararo. Na yanke kawunan ƙusa na yi abin ɗamewa. Na kwantar da ƙarfen a kwarin kututture ina bugawa a hankali, don gwangwani ba ya son fushi, bugu ɗaya mai ƙarfi ya yage. Na naɗe bakin a kan waya don ya yi ƙwari. Yini biyu cur ban karɓi ko faci ba.

Harshe ya rage. Agali ne ya kawo shi ba tare da na tambaya ba. Ya ji labarin karnuka, kamar yadda duk garin ya ji, ya zo yana dariya har rawaninsa na kwancewa. Ya ce da na tambaye shi da ya gaya mini ko ɗan yaye a rugarsu ya san ɗanyar fata ba ta shiri da ruwa. Sannan ya jefo mini tsohon gugansa da ya huje, irin wanda ake ɗinkawa da robar cikin tayar babbar mota. Ya ce wannan ta shekara tana shiga rijiya tana fita, ba ta taɓa canza hali ba. Roba ce mai kauri da nauyi, iska ba ta ɗaga ta. Na yanko harshe mai faɗin tafin hannu, ƙasansa ya fi samansa buɗewa, na ɗame shi a gindin na gaba. Ragowar na yi ɗan gajere na sa a na baya.

Wannan karon ruwan da aka yi ya bar kwanciya a gefen kududdufin masu bulo, jar laka mai kyau. Na shiga ɗaki na ɗauko farar rigata ta Juma'a, ita kaɗai gare ni. Rabi ta tsaya a ƙofa ta tambaye ni ina za ni da ita ranar Laraba. Na ce wurin Baba Nomau. Ta gane, don ta san dokar, ta kauce. Masu bulo suka bar aiki suna kallon mutum da farar riga yana ratsa laka da gudu. Na ratsa na farko, na cire riga na duba: ga jan layi siriri tsakanin kafaɗu. Gardabun baya bai sauko sosai ba, na rage masa yatsa uku don ƙarfe ya ishe ni. Na koma rumfa, na ƙara gaɓa da murfin gwangwanin, na dawo. Na biyu, ɗigo a gefen hagu, baki bai naɗu ba a wuri ɗaya. Na gyara. Na uku da na huɗu da na biyar, babu sabon ɗigo ko ɗaya, ƙafar wandona a bushe. Rabi ta wanke rigar sau uku, layin bai fita ba. Ta ce daga yau ta zama rigar aiki, Juma'a kuma in san yadda zan yi.

Da na ba Bitrus keken na haɗa masa da magana. Na ce gardabu rabin aiki ne, rabin yana ƙafarsa. In ya ga ruwa kwance ya rage gudu, ya daina bi ta tsakiya kamar agwagwa. In mota ta taho ya sauka gefe ya ba ta hanya, don ban ƙera abin da zai tare ruwan mota ba. Kowace yamma ya sa tsinke ya sakace lakar da ta maƙale a ciki. Ya ce waƙar fa, ita ma a rage? Na ce waƙa ba ta watsa laka.

Ranar Asabar da yamma hadari ya haɗu, ya wuce. Litinin da asuba ya dawo da gaske. Ina idar da salla na ji ruwa a kan rufi, na san yau ce. Na zura rigar nan mai layi, na hau kekena, wanda shi ma ni na tuɓe masa gardabu tun farkon fari, na nufi hanyar Korgom. Na tarye shi a wajen gari ruwa ya fara tsagaitawa, ya lulluɓe kafaɗa da buhun leda, yana tafe a hankali, ba waƙa. Na juya na bi bayansa ina kallon kakin nan kamar mai gadin tukunya. Hanya duk ta zama kunu. Ina ganin jan ruwa yana tsiyaya ta ƙasan gwangwanin Rabi yana komawa inda ya fito. Ni kuwa ina jin sanyi yana hawa bayana daga ƙugu, na san abin da ake rubuta mini.

Na tsaya a bakin shingen biro, ya shiga layi. Aka ɗaga tuta. Ma'aikatan da ke zaune cikin gari ma duk ƙafafunsu laka. Kaftin ya biyo layi har ya zo kan Bitrus. Ya duba gaba. Ya zagaya baya. Ya daɗe fiye da ran farko, har ya sunkuya ya duba ƙafar wando. Sai ya tambaye shi da Faransanci ko a gari ya kwana. Bitrus ya ce a'a, daga gida yake. Kaftin ya ce a kawo keken. Ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa gwangwanin, ya ja harshen ya saki, ya leƙa ciki ya ga rubutun man taimako. Na ce a raina yau kuma wata sabuwa. Ya miƙe ya waiwayo, ya hango ni a shinge, laka tun daga dunduniya har hula. Ya tambaya wane ne wancan.

"Shi yay yi aikin, ranka shi daɗe," in ji Bitrus. "Lakar da za ta hau ni ce ya ɗauko."

Aka kira ni. Kaftin ya zagaya ni kamar yadda yake zagaya ma'aikatansa, ya tsaya a bayana. Na ji ya sa yatsa ya lakato lakar. Ya murza ta, ya shinshina. Sai ya yi magana da Hausa, ranar na fara sanin ya iya. Ya tambayi Bitrus ruwan ya kai ƙauyensu sosai? Bitrus ya ce ya tona da hannu kafin ya taso, laima ta wuce gwiwar hannu. Kaftin ya gyaɗa kai sau biyu, ya ce su ma can garinsu jira suke. Ya goge yatsa da hankici, ya ce mini mai gyaran da ya bar kekensa tsirara abin kunya ne, in gyara nawa, sannan in zo in duba kekunan biro. Ya wuce kan na gaba. Bai ɗaga yatsa ba.

Daminar nan duk gwangwanin da ke Tasawa ya bi ta kan kututturena, har mata suka fara ɓoye nasu in sun hango ni. Gero ya yi. Ƙanen Bitrus ya koma gidansa bayan kaka da 'yan awaki biyu. Aka buɗe iyaka daga baya, gardabun kanti ya dawo kasuwa, na ce wa Bitrus ya kawo in sa masa sabo mai ƙyalli. Ya ƙi. Sau huɗu na sake masa harshe, gwangwanin kuwa fenti kawai muke ƙara masa. Sojoji suka tafi, wasu suka zo, shugabannin biro suka yi ta canzawa, shi yana nan, kuma ba a sake ganin laka a bayansa ba. In ana ruwa za ka gan shi yana kewaye kowace kwanciyar ruwa a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ranar da ya ajiye aiki tsakiyar damina ce, an yi ruwa tun safe, ya ɗauke da la'asar. Ya turo keken rumfata, gemu ya yi fari, yana sanye da kakin da aka ce ya riƙe kyauta. Na ɗauka harshen ne ya sake tsagewa, na miƙa hannu in ɗauko almakashi.

"Kile za ka ɗauko," ya ce. "Kwance mini gardabun duka biyu, ka aje mini, gobe in zo ka maida. Na daɗe ban ji damina a bayana ba."

Na kwance. Ya hau, ya saita keken kan ruwan da ya kwanta a tsakiyar hanya, ya taka feda da iyakar ƙarfin tsufansa. Ina tsaye da gwangwanin Rabi a hannu na ga jan layin ya hau daga ɗamara har hula. Bai waiwayo ba. Har ya sha kwanar hanyar Korgom ina jin waƙarsa.